Abin da Ke Kashe Motar Alhaji Dabo

Laraba, 1 ga Afrilu 1953, bayan la'asar

Yau Tsohuwa ta ba ni kunya a hanyar Mamudo. Tsohuwa ita ce motar Alhaji Dabo mai fataucin fata da ƙaro, wadda nake tuƙawa tun shekarar da aka sallame mu daga soja. Ita ma tsohuwar soja ce, a gwanjo ya saye ta, shi ya sa jininmu ya haɗu. Muna cikin tafiya lafiya lau, ga buhunan gero ga fasinja a kansu, sai na ji totur ya zama banza a ƙarƙashin ƙafata. Ta mutu farat ɗaya, ko sallama babu.

Duk direban da ya ci sunansa ya san wannan: in mai ne ya yanke, mota sai ta yi tari, ta yi shessheƙa, sannan ta kwanta. In kuwa wuta ce, ɗif take yi kamar an hure fitila. Tawa ɗif ta yi. Na sa Modu, karen motata, ya danna waji a bayan taya ya kuma kori masu shan taba can nesa, ni na buɗe kan inji. Na goge kwantak, 'yan ƙarafan nan biyu masu buɗewa da rufewa su ba da wuta, na gyara tazararsu. Daga ƙarshe na yi abin da aka koya mana a soja: ko ka rantse akwai mai, buɗe tanki ka tsoma sanda. Mai na nan cike. Modu ya murɗa ƙarfen tayarwa, ta tashi kamar ba ita ba.

Da muka iso tasha Modu ya matso ya ce, "Kofur, motan ya yi tari fa kafin ya mutu." Na ce masa yana can saman buhu iska na kaɗa masa kunne, me ya sani? Gemunsa ya yi fari a bayan mota, amma bai taɓa riƙe sitiyari ba. Ni da nake zaune a kan injin ban ji tari ba.

Gumsu, mai ɗakina, ta yi burabusko da miyar kuka, ta malala man shanu. Na ci har na kwance mazagin wando.

Alhamis, 2 ga Afrilu, da yamma

Ba ta mutu ba. Kwantak ne, na faɗa.

Asabar, 4 ga Afrilu, bayan magariba

Ba kwantak ba ne. Ta sake yi, a hanyar Damagum, rana tsaka, da ɗanyun fatu a baya. Ƙudan duniya sai da suka zo mana gaisuwa. Na cire wayar da ke fitowa daga kwayil, gwangwanin nan mai ƙara wa wuta ƙarfi, na kusanta ta da jikin inji, Modu ya murɗa, wuta ta yi tsalle shuɗiya tas. Wannan ya ɗaure mini kai, don in wuta ce matsalar bai kamata ta fito haka ba. Sai na taɓa kwayil ɗin, na ji zafi kamar dutsen guga. Na ce to ga ɓarawon, yana ɗauke wuta in ya yi zafi, ya dawo da ita in ya huce. Na jiƙa tsumma na naɗe shi, na tsoma sanda a tanki, muka murɗa, ta tashi.

Wani Bafillace a cikin fasinja ya ce saniyarsa ma haka take yi in ta gaji, sai an yi mata fito. Na ce ya sauko ya yi wa wannan mu gani. Aka yi dariya, har da ni.

Lahadi, 5 ga Afrilu, da hantsi

Alhaji ya kira ni zaurensa. Ban san me ya sami mutanen garin nan ba, kowa ya koma magana ciki-ciki, Alhaji ma ya fi kowa, yana yi yana shafa gemu, hannu ya rufe baki. Na kama "Kano", na kama "ƙarshen wata". Da ya yi shiru yana kallona na ce, "Alhamdu lillahi, Alhaji." Ya ɗaga gira, bai ƙara ba.

A waje Modu ya ja ni gindin dalbejiya ya warware mini. Alhaji zai aika babban lodin fata Kano kafin wata ya ƙare. In ban gano ciwon motar kafin ranar ba, zai miƙa ta ga Yaji, wannan da ya dawo daga Jos da lasin sabo fil da hular sanyi a tsakiyar bazara. Abin da na yi wa hamdala ke nan.

Raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Motar nan ni na san inda take ciwo da damina da inda take ciwo da rani. In aka raba ni da ita ban san me zan riƙa yi da safiya ba. Amma akwai sauran kwanaki, kuma mota ƙarfe ce, ba aljana ba.

Litinin, 6 ga Afrilu, da azahar

Na samo kwandansa, ɗan abin da ke hana kwantak ƙonewa, a wurin bakaniken nan Bayarabe na bakin tasha, na kuma ari kwayil a hannunsa. Ya ce in tayar ya saurara. Ya karkata kai, ya lumshe ido, ya ja totur da hannu, ya ce, "Kofur, ka ji ko? Wutarta ƙalau take." Na gyaɗa kai. Duk da haka na canja su biyun.

Da can ni ake kira in saurari motar wasu. Akwai shekarar da na gaya wa wani direban Azare fuloginsa na uku ya mutu tun yana shigowa kwana, bai ma tsaya ba. To, ba wannan ne zancen ba.

Laraba, 8 ga Afrilu, bayan la'asar

Ranar kasuwar shanu, gajerun tafiye-tafiye kawai, ba ta ce uffan ba. Mangwaro ya shigo gari. Na sayo wa Gumsu cikin hula.

Alhamis, 9 ga Afrilu, da safe

Gumsu ta ce ladan ya kira asuba. To, ya kira. Ita ta tashe ni.

Alhamis ɗin dai, bayan magariba

Albishir daga Fika: Fanne 'yarmu ta sauka jiya, namiji, lafiya lau ita da shi. Na biyunta ke nan. Gumsu ta yi guɗa a tsakar gida, wannan kam na ji ta sarai. Tun ɗazu take ta fito da ƙore tana mayarwa, tana lissafin kanwa da kayan yaji da za ta kai wa mai jego. Alhaji yana da ƙaro da za a kwaso a Fika, ya ce mu tafi Talata, mu kwana biyu, mu ga suna. Mutumin kirki ne in ba a zo kan man fetur ba.

Asabar, 11 ga Afrilu, da yamma

Ta mutu. Sabon kwandansa, aron kwayil, ta mutu. Ko Mamudo ba mu kai ba, alhali da safen nan muka juye mata garwa ta cika har baki. Na kwance fulogi duka na kankare, na bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya ko bera ya ci wata, na duba murfin da ke raba wuta ko ya tsage. Babu komai. Na zagi motar, na zagi wanda ya ƙera ta, na tsoma sanda a tanki don in cika al'ada, ta tashi. Modu ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi fuskata, ya rufe.

A tasha Yaji ya zo yana zagaya ta yana ƙwanƙwasa taya da ƙafa, kamar mai taya saniya. Ya faɗi wani abu 'yan kamasho suka kwashe da dariya. Ban ji ba, kuma ban tambaya ba. Na dai ce masa ya cire hular nan kafin ƙwaƙwalwarsa ta dahu.

Lahadi, 12 ga Afrilu

Zafi. Na kwana a tsakar gida. Ban taɓa motar ba.

Talata, 14 ga Afrilu, Fika, bayan magariba

Bari in rubuta wannan a tsanake.

Mun cika tanki muka taso da hantsi. Gumsu ta zauna gaba kusa da ni, karonta na farko, ta rungume ƙwaryar kayan jego tana karanto duk addu'ar da ta sani. Mun yi nisa kaɗan, bayan wata tsamiya da ke kan gangare, Tsohuwa ta yi halinta. Modu ya diro da waji ya nufi baya. Ni kuwa ban ma buɗe kan inji ba. Na ce yau bari in fara daga ƙarshe. Tankin yana ƙarƙashin ƙofar fasinja, Gumsu ta buɗe ƙofar ta sauko da ƙafafu tana shan iska. Na murɗe murfin, sai na ga ta zabura ta janye ƙafa.

"Maigida, mene ne wannan?"

"Mene ne me?"

Ta dube ni. Sannan ta sunkuyo daidai fuskata, ta yi magana a hankali, baki buɗe, yadda ta koma yi mini a 'yan watannin nan. "Da ka buɗe murfin nan ya zuƙi iska, fuuu, kamar mai shan kunu da zafi. Kuma tun daga tsamiyar can take tari."

Na juya murfin a hannuna. A tsakiyarsa akwai wata 'yar huda da ba ta fi bakin allura ba, wadda na sani tun ranar da na fara ganin motar, na kuma daina ganinta saboda sabo. Yau babu huda. An cike ta da wani abu mai tauri, mai sheƙi, ƙura ta hau kai ta saje da ƙarfe. Na kankara da farce na ɗanɗana. Ƙaro ne.

Gumsu ta ce in gaya mata, tunda ita ta gano. Na ce ta tuna garwar kananzir: in aka huda ta wuri ɗaya ba ta zuba sai da gardama, sai an yi ta biyu iska ta shiga. Tanki ma haka yake, ta hudar nan yake numfashi. In an toshe, inji yana jan mai iska ba ta maye gurbi, har ya kai ya kasa ja, mota ta mutu da mai cike a cikinta. In tankin ya cika maƙil abin ya fi saurin zuwa, shi ya sa take yi mini ranakun da muka juye garwa. Kuma duk lokacin da na buɗe don tsoma sanda, ni da hannuna nake ba ta iska, sannan in yaba wa kwantak ko jiƙaƙƙen tsumma.

Na jefa murfin a ruwan buta, ƙaron ya yi laushi, na zura ƙayar aduwa na buɗe hudar. Modu ya murɗa. Daga nan har Fika ko gezau ba ta yi ba.

Na yi murna, wallahi na yi murna, har waƙar soja na yi a hanya, Gumsu tana cewa in rufa mata asiri. Da muka sauka na je wurin Modu yana kwance igiya na ce, "Ashe ta yi tari." Ya ce, "Ya yi, Kofur." Bai ƙara ko kalma ba, Allah ya saka masa.

Sauran zancen ba na yau ba ne.

Laraba, 15 ga Afrilu, Fika, da azahar

An raɗa wa yaro Muhammadu Lawan. Rago mai kyau surukina ya yanka. Gumsu ta karɓe jaririn tana ce masa angonta, wai ta gaji da tsohon soja mai warin fetur. Na ce ya fara sayo mata mangwaro tukuna mu gani.

Da wanzami ya sa masa aska mata suka yi ta dariya, suna cewa wannan murya ta kakansa ce, za ta tashi unguwa. Na ga bakin a buɗe, na ga fuskar ta tattare ta yi ja. Da aka miƙo mini shi na kwantar da shi a ƙirjina, a nan na ji kukan, yana kaɗawa a haƙarƙarina yadda inji ke kaɗawa a sitiyari. Yaron yana da ƙarfi. Na riƙe shi har Fanne ta aiko a karɓa.

Alhamis, 16 ga Afrilu, da yamma

Mun dawo da lodin ƙaro, tanki cike, ba tsayawa. An yi hadari a gabas amma bai zubo ba.

Juma'a, 17 ga Afrilu, bayan masallaci

Na san aikin wane ne tun a kan hanya. A gidan Alhaji duk abin da ya yi yoyo da ƙaro ake liƙe shi, garwa ce ko tandu, kuma a ƙofar gidansa motar ke kwana. Na je zaure da murfin a aljihu, Modu na biye da ni. Na jira baƙi suka watse, don ba a kwance wa mutum zani a gaban jama'a.

Na ajiye murfin a kan buzunsa na ce, "Alhaji, an gano ciwon. Wani mai ƙaunar motar nan ne ya toshe mata hanci da ƙaro."

Ya ɗauka, ya ɗaga shi sama ya hango haske ta hudar. Ya daɗe. Sannan ya yi dariya har rawaninsa na rawa, kuma wannan karon da ƙarfi ya yi magana. Ya ce wata rana da azahar ya wuce ta gefen motar ya ji ƙamshin mai na tashi, ya duba ya ga huda, ya ɗauka tsatsa ce ta ci. Ya ce, "Ina kallo rana tana shanye mini fetur, Ari, in zuba ido?" Shi da kansa ya dama ƙaron, ya kuma ji daɗin aikinsa.

Har nan komai daidai. Sai ya ce, "To yaya aka yi ka gane?"

Na so in ce gwaninta ce. Modu ba zai tona ni ba, Gumsu ma haka. Amma hanyar Kano ba hanyar Mamudo ba ce, akwai manyan motoci masu neman wucewa, akwai mutane a saman kaya. Na ce, "Mai ɗakina ce ta ji tankin yana zuƙar iska. Modu kuma ya ji tarin tun ranar farko."

Ya ce, "Su suka ji."

"Su suka ji, Alhaji."

Ya dube ni, ya dubi Modu, ya kai hannu gemu ya faɗi wani abu. Na ga leɓe na motsi a bayan yatsu. Na saba in ce "to" a irin wannan wuri. Yau na ce, "Alhaji, sake faɗa." Ya kaɗa hannu alamar mu tafi. A waje na tambayi Modu, ya ce salati kawai Alhaji ya yi.

Asabar, 18 ga Afrilu, da la'asar

An ga Yaji a zauren Alhaji, har an kawo masa fura. Motar ba ta mutu ba.

Lahadi, 19 ga Afrilu, da yamma

Na mayar wa Bayarabe kwayil ɗinsa, na ɗaura namu na da, wanda na yi wa ƙazafi. Na wanke Tsohuwa tun daga kai har waji, na shafa mata girisi a duk inda take so. Ko wa zai hau, kada ya ce Kofur Ari ya bar ta da datti.

Litinin, 20 ga Afrilu, bayan magariba

Muna cin tuwo na ce wa Gumsu, tun yaushe? Ba ta yi kamar ba ta gane ba. Ta ce tun daminar bara, ranar da aradu ta faɗa kan giginyar bayan gida ban ko juya ba. Ta ce kunnena na dama ya tafi, na hagu yana nan da saura, shi ya sa ta mayar da tabarmarta wancan gefen, ni kuma ina ta mita wai ta canja mini tsarin ɗaki. Ta ce manyan bindigogin yaƙin da muka je Bama, can ƙetaren teku, su ne suka biyo bashinsu. Na ce ita likita ce yanzu, bayan ta zama bakanike?

Ta ce in an karɓe motar akwai gonarmu ta Yerimaram, ga damina ta ƙarato, gero kuma ba ya tari. Na yi dariya har na ƙware. Gaskiya ina tsoro, amma ba kamar makon jiya ba. Miyar ta yi daɗi, ta sa daddawa sosai.

Talata, 21 ga Afrilu

An fara ɗaure fatun Kano. Ba wanda ya ce mini komai, ko kuma an ce.

Laraba, 22 ga Afrilu, da hantsi

Ina goge gilashi a ƙofar gidan Alhaji, masu lodi suna ta jifa da dauri sama, Yaji na zaune a kan dakali da hularsa. Sai ga Alhaji ya fito. Ya tsaya ta damana ya fara magana. Na ga gemu na motsi. Kafin in buɗe baki ya tsaya da kansa, ya tattara babbar rigarsa, ya zagaya ta bayana a gaban kowa kamar mai duba taya, ya dawo ta haguna. Ya sauke hannu daga gemu. Bai ɗaga murya yadda na kan dakali za su ji ba, daidai ni kawai.

Ya ce, "Gobe Kano, in Allah ya kai mu. Yaji zai riƙe sitona na tasha, ya iya lissafi. Modu zai zauna gaba kusa da kai, daga yau kujerar nan ba ta haya ba ce. Abin da ya ji, ka ji."

Kujerar gaba ita ce mai tsada a duk motar, manyan fatake ke rububinta. Mutumin da ya dama ƙaro don kada rana ta sha masa fetur, shi ya bar ta. Na ce, "Na ji, Alhaji." Ya ce in kula masa da hancin, ya shige gida.

Na daɗe a wurin ina goge gilashin da na riga na goge.